Daga Ɗaurin Ƙirji Zuwa Cin Ado: Yadda Hausar Maraɗi Ke Raba Kayan Gida da Kayan Unguwa

A hutun da ya wuce na koma gida unguwar Zariya, ta cikin birnin Maraɗi, ba ta ƙasar Zazzau ba, da nufin tattara kalmomin tufafi don wani aikin ilimin ma'ana. Na fara da gwaggona. Na iske ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, da ɗaurin ƙirji na wani zanen da ya sha wanki. Da ta ga na ɗauko waya zan naɗi murya, sai ta ce in dakata ta kintsa. Ta fito da atamfa riga da zane, da kallabi, da mayafi, alhali murya kawai zan ɗauka. Ta jero mini sunaye har na gaji da rubutu. Da na tambaye ta sunan abin da ta tuɓe, sai ta yi dariya ta ce: "Wanga ai ba kaya ba na, ɗiyata, na zaman gida na."

Wannan amsa ce ta haifi maƙalar nan. Abin da nake son nunawa shi ne, Hausa ba ta yi wa kayan gida da kayan fita rabo daidai ba: na fita sun sami sunaye, na gida kuwa sai a cikin aikatau da sarƙaƙƙun maganganu ake gano su. Mai bincike da ya tafi da jerin sunaye kaɗai zai dawo da rabin labari.

Inda iyakar take

Gidan Bahaushe ba gida da waje kawai ba ne. Akwai ɗaki, akwai tsakar gida, akwai zaure da ƙofar gida, sannan akwai unguwa. Kalmar unguwa tana da ma'ana biyu: yankin gari, da kuma fita ziyara, kamar a "ta tafi unguwa". Daga ma'ana ta biyu aka samu "kayan unguwa", wanda mata suka fi amfani da shi, maza kuwa su ce "kayan fita". Kishiyarsu shi ne "kayan zaman gida" ko "kayan shan iska". A lura, duk waɗannan ba sunayen tufa ba ne. Suna faɗin wurin da za a sa ta ko abin da za a yi da ita. Atamfar da aka ɗinka don Sallah bana, bayan shekara biyu ta zama ta zaman gida ba tare da an sauya mata zare ɗaya ba.

Sallama ma tana da aiki a nan. Baƙo namiji ya tsaya a zaure ya yi sallama, a ce masa ya ɗan dakata. Dakatawar nan lokacin jawo mayafi ce. Ita kanta kalmar sutura daga tushen Larabci mai ma'anar rufewa ta fito, shi ya sa ake cewa an yi wa mamaci sutura. Wanda ya ce "ba sutura a jikina" ba lallai tsirara yake nufi ba, yana iya nufin abin da ke jikinsa bai kai a gan shi da shi ba.

Sunaye a waje

Duk wanda ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934 zai ga yawan kalmomin da Hausa ta tanada wa manyan kaya. Babbar riga kaɗai tana da iri-iri, gwargwadon yadi ko aikin da aka yi mata: saƙi, tsamiya, kore, gare, malum-malum, aska biyu, aska takwas. Hula akwai dara, haɓar kada, damanga, zanna. Waɗansu sunayen aro ne daga Larabci, kamar alkyabba da jabba da kaftani, abin da ke nuna hanyar da kayan suka biyo. A fadar Sarkin Katsinan Maraɗi da ta Sarkin Gobir a Tibiri, ranar hawan Sallah, har yanzu ana ganin yawancinsu a jikin mutane, kuma dogari ko maroƙi zai faɗa maka sunan kowace ba da gargada ba.

Na mata ma haka ne, sai dai nasu sunaye sun fi saurin sauyawa, domin kasuwa ce ke raɗa su. Holan daga sunan ƙasar Holan, inda kamfanin Vlisco ke buga atamfa. Gezna daga Getzner, kamfanin ƙasar Ostiriya mai saƙa shadda. Leshi da yadi daga Ingilishi. Maraɗi tana cin gajiyar harsuna biyu: kusancinta da Jibiya da Katsina ya kawo mata kalmomin Ingilishi, makaranta da ofis kuma suka kawo na Faransanci. Saboda haka a shago ɗaya za ka ji shadda, ka ji bazan.

To, juya ka nemi sunayen kayan gida. Na gargajiya kaɗan ne: fatari, bante, taguwa, zane. Bante ya kusa ɓacewa daga jiki, ya rage a baki. Sauran duk baƙi ne na baya-bayan nan: singileti, shimi, siket, da rigar ƙwallo da ake kira jesi ko mayo, wadda galibi daga tulin bosho ake zaɓo ta. Ba a yi musu ƙananan rabe-rabe, ba wanda ke tambayar singileti wane iri ne.

Aikatau a gida

Inda sunaye suka yi ƙaranci, aikatau sun yi yawa, kuma a ganina nan ne ainihin abin nazari yake. Hausa tana da aikatau na bai-ɗaya, wato sa, amma kusan kowace tufa tana da nata: a ɗaura zane, a yafa mayafi, a naɗa rawani, a kafa hula, a saɓa riga a kafaɗa, a lulluɓa da bargo. Zane ɗaya ne, amma aikatau ne ke faɗin inda mai shi take. Ɗaurin ƙirji na tsakar gida ne da hanyar makewayi. Ɗauri a ƙugu tare da riga ya kai mutum ƙofar gida. Idan aka yafa shi a ka, ya zama na fita. Ko sunan mayafi daga aikatau aka ƙera shi, da ɗafin ma- da -i na sunan kayan aiki, kamar yadda aka samu mabuɗi daga buɗe.

Tsarin giredin aikatau da Parsons ya gabatar a 1960 yana taimakawa a nan. Ɗaura giredi na ɗaya ne, yana nuna an yi aikin a kan wani abu. Ɗaure giredi na huɗu ne, yana nuna an yi shi gaba ɗaya, tamau. Aikatau na komawa kayan gida kusan duk na giredi na huɗu ne: tuɓe, kwaɓe, cire, kwance, warware. Na shirin fita kuwa sun fi karkata ga giredi na ɗaya, kamar yadda jerin da ya gabata ya nuna. Har a ƙirar kalma ke nan, fita ɗorawa ce, dawowa kuwa saukewa ce baki ɗaya.

Sai kuma maganganun da suka keɓanta da fita: cin ado, caɓa ado, sheƙa kwalliya, ɗaukar wanka. Na ƙarshen na matasa ne, kuma ya ba ni sha'awa, domin wanka a cikinsa ya bar ma'anar ruwa da sabulu ya koma tufafin da ake sawa bayansa. Gida ba shi da irin waɗannan. Ba a "cin" kayan zaman gida, zura su ake yi.

Tufafin da suka ƙetare zaure

Abubuwa biyu sun dagula wannan rabo. Na farko hijabi, wanda ya bazu a Maraɗi tun wajejen shekarun 1990, tare da ƙarfin ƙungiyoyin wa'azi irin su Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978. Ba addininsa nake magana ba, nahawunsa nake magana. Ba a yafa hijabi, sa shi ake yi ko zura shi. Kuma dogon hijabi yana rufe duk abin da ke ƙarƙashi, don haka mace na iya zura shi a kan shimi da zanen gida ta je sayen magi ko gaisuwar maƙwabta. A da sai ta sauya kaya; yanzu kayan gida sun fita waje a ɓoye. Na biyu jallabiya, wadda ke yi wa maza wannan aiki: daga kan tabarma zuwa masallacin unguwa ba tare da hula ba. Amma ba ta kai mutum ɗaurin aure ko fada, sai a ce ya yi shigar raini. Na lura ƙannena mata sun san kalmar yafa, amma ba safai take fitowa daga bakinsu ba sai ana zancen biki.

A lambunan Jiratawa na ci karo da rukuni na uku da jerina bai tanada ba: kayan gona. An fita da su, amma ba kayan fita ba ne. Wannan ya tabbatar mini cewa fita a nan ba barin gida take nufi ba, shiga idon mutane take nufi.

Akwai abu ɗaya da ban lura da shi ba sai da na dawo ina sauraron muryar gwaggona. Kafin in danna waya, tana cewa hwatari, mayahi, rigag gida, da nason nan na karin harshen yamma da ke mayar da -r irin baƙin da ke biye da ita. Da ta fito da atamfa, sai ga fatari, mayafi, rigar gida, irin na rediyo. Labov ya bayyana wannan matsala tun 1972: muna son jin yadda mutane ke magana idan ba a lura da su, amma sai mun lura da su za mu ji. Kashegari na koma ba littafi a hannu, na zauna na taya ta tsinkar zogale, bayan na nemi izininta in bar wayar a kunne a kan turmi. A ranar na ji ta ce wa jikarta ta daina yawo da "ɗaurin zuwa rijiya", wato ɗaurin zane da bai kai gwiwa ba, maganar da ba ta cikin jerin da ta ba ni jiya.