Ko Ka Sani? Irin Kare Ba Shi Ne Halinsa Ba

Ko ka san cewa sanin irin kare ba ya faɗa maka halinsa sai ɗan kaɗan? A shekarar 2022 mujallar Science ta buga binciken wasu masana a Amurka ƙarƙashin jagorancin Elinor Karlsson. Sun tattara bayanan karnuka fiye da 18,000 daga bakin masu su, suka kuma duba ƙwayoyin halittar sama da 2,000. Sai suka gano cewa iri yana ɗauke da kusan kashi 9 cikin 100 ne kawai na bambancin hali tsakanin wannan kare da wancan. Saurin bin umarni yakan ɗan bi iri, amma saurin fusata kusan babu ruwansa da shi.

Wannan magana ta shafi duk mai neman karen gadi a Jalingo. Mai sayarwa zai nuna maka hoto a waya, ya ce wannan Rottweiler ne, ɓarawo ba ya kusantar gidan da yake. Wataƙila haka ne, wataƙila kuma ka kai gida ka tarar da rago mai tsoron baƙo, ko mafaɗacin da yaranka ma ba su tsira ba. Idan hali kake nema, ka je ka ga uwar kwikwiyon da idonka, ka lura da yadda take karɓar mutane. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Inda bayanan da ake rubutawa kan irin karnuka ke faɗin gaskiya shi ne jiki: nauyi, gashi, cin abinci da cututtukan gado. A nan ne ya kamata mutumin Jalingo ya tsaya ya yi karatun ta-natsu, domin a ƙasashen sanyi aka rubuta yawancin waɗannan bayanai, alhali a watannin Maris da Afrilu zafin garin nan yakan kusanci digiri 40. Kare ba ya gumi kamar mutum. Da haki yake fitar da zafin jikinsa, sai ɗan gumin da ke fita ta tafin ƙafa. A 2020 likitocin dabbobi a Ingila sun duba bayanan karnuka sama da 900,000, suka ga cewa karen da ya kai kilo 50 ya fi wanda bai kai kilo 10 ba haɗarin bugun zafi fiye da ninki uku. Masu gajeren hanci irin su Bulldog su ma suna sahun gaba. A Ingila ke nan, inda ba su san bazararmu ba.

To, dubi Caucasian, wanda ake ta yayi saboda girmansa. Asalinsa duwatsun Kaukasus ne, inda yake tsare tumaki daga kyarkeci a cikin dusar ƙanƙara, kuma namijinsa ba ya gaza kilo 50. A Gembu ko Nguroje, can kan tsaunin Mambila, zai iya shaƙatawa. Amma a kulle shi cikin kejin kwano a unguwar Magami ko Mayo Gwoi a Jalingo da tsakar rana, wannan zalunci ne, ko da mai shi bai yi nufi ba. Boerboel na Afirka ta Kudu gashinsa gajere ne, sai dai nauyinsa da cinsa sun isa su girgiza albashi. Alsatian, wanda aka kafa irinsa a Jamus a 1899, yana da saurin koyo, amma an san shi da ciwon ƙugu, kuma shi da Rottweiler suna cikin waɗanda cutar gudawar jini ta fabo ta fi kayarwa tun suna kwiyakwiyai.

Karen gida kuwa, wanda mafarauta da makiyaya suka daɗe suna aiki da shi, ba za ka gan shi a cikin waɗancan bayanai ba sam. Gashinsa gajere, jikinsa ba nauyi, ya fi jure zafi, ga kunne ga haushi, kuma abin da gadi ke bukata ke nan. Rashin suna ba rashin daraja ba ne. Azawak, dogon siririn karen makiyayan Nijar da Mali, ya daɗe yana farauta a Sahel kafin ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta yi masa cikakkiyar rajista a 2019. A ganina, ga mafi yawan gidaje da gonakin Jalingo, karen gida da aka rena da kyau ya fi dacewa. Dama malamai sun ambaci farauta, kiwo da tsaron gona a matsayin dalilan ajiye kare, don haka ka fara tambayar kanka aikin da zai yi maka.

Abu ɗaya ne bai san iri ba, wato ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya. Ko wane iri ka zaɓa, ka kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafi da zarar ya cika wata uku, ka riƙa cire masa kaska, ka ba shi inuwa da ruwa. Idan kuma ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a garzaya asibiti a ranar.