Rashin Rezo Ba Ya Hana Kwamfutocin Ofis Ɗaya Magana da Juna

Duk ranar da rezo ya ɗauke a Illela ko Malbaza, amsar da mai neman takarda yake sha a ofisoshi da shagunan buga takardu ba ta wuce "babu konekisiyo, ka dawo gobe". Sau da yawa kuwa takardar tana cikin kwamfutar ɗakin gefe, bango ɗaya ne tsakani. Wanda ya tuna Fabrairun 2021, lokacin da aka katse intanet na wayar salula har tsawon kusan kwana 10 bayan zaɓen shugaban ƙasa, ya san intanet ba abin jingina ba ne a ƙasar nan.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda mutane suka haƙiƙance cewa sai da intanet kwamfuta biyu za su miƙa wa juna fayil. Sakatare zai sayi forfe da kuɗin aljihunsa don ya tura wasiƙa ta WhatsApp ga abokin aikin da yake jin tarinsa ta bango. Samarin tashar Ƙonni kuwa kullum suna tura wa juna fina-finai da Xender, ko mega ɗaya ba sa ƙonawa, domin wayoyin suna ƙulla 'yar hanyar sadarwa ne tsakaninsu. Kwamfuta ma haka take. Ruta guda da wayar kebul mai kaiwa mita 100, ko wayfay na cikin gida, sun wadatar.

Sai a ce ai tawa Windows ce, tasa Linux, shugaba kuma Mac yake riƙe da ita, ba sa jituwa. Ku shiga kasuwar Ƙonni ku gani. Buzu da Bafillace da Bazabarme kowa da harshen gidansu, amma idan aka zo ciniki da Hausa ake yi. Kwamfutoci ma suna da harshen kasuwarsu, sunansa SMB. Barry Feigenbaum ya ƙirƙiro shi a kamfanin IBM a 1983, Microsoft ya ɗauka ya gina rabon fayil na Windows a kansa. A 1992 wani ɗan Ostareliya, Andrew Tridgell, ya fitar da manhajar Samba, wadda ta sa Linux ke jin wannan harshe, kuma har yau kyauta take. Tun 2013 SMB ne zaɓin farko a Mac.

Aikin ba shi da yawa. A buɗe jakar fayil ɗaya a kwamfutar da aka zaɓa, a sa mata suna da kalmar sirri. Idan lambar kwamfutar a kan layin 192.168.1.10 ce, mai Windows ya rubuta \\192.168.1.10 a saman tagar fayiloli, mai Mac ko Linux ya rubuta smb://192.168.1.10. Jakar za ta buɗe kamar a cikin tasa na'urar take. An huta da kile ɗin USB mai yawo teburi zuwa teburi yana kwasar cutar nan da ke ɓoye jakunkuna ta bar hotonsu kawai.

Inda ake ganganci shi ne wajen kulle. A Mayun 2017 cutar WannaCry ta bi ta tsohon samfurin SMB ta kama kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Windows XP wannan tsohon samfurin kaɗai ya iya, kuma har yanzu akwai masu riƙe da shi. A cire irin waɗannan na'urori daga layin, kada kuma a buɗe takardun haihuwa ko na albashi ga duk wanda ya samu lambar wayfay.

Hukumomi sun iya karɓar kwalayen kwamfuta a gaban masu ɗaukar hoto, amma horas da ma'aikaci ɗaya ya gagara. Magadan gari da shugabannin ofisoshi na Illela, Ƙonni da Malbaza, ku ware kuɗin kebul da na horo, ku daina mayar da talaka ƙauye hannu rabbana saboda takardar da ke ɗakin gefe.