Sayayya Ta Intanet Ko Kantin Unguwa: Ina Sauƙi Ya Koma?

LEGAS — A shekarar 2012, lokacin da kamfanonin Jumia da Konga suka buɗe harkokinsu a wannan birni, abin da ya ja hankalin masu saye shi ne rahusar farashi da kuma kai kaya har ƙofar gida, a gani kafin a biya. Mutane da dama sun ɗauka a wancan lokaci cewa kwanan mai kanti ya ƙare. Fiye da shekara goma bayan haka, kasuwannin Alaba, Onitsha da Kantin Kwari na nan cike maƙil, kuma lissafin da ya sa cinikin intanet ya yi araha ya sauya.

Wani ɓangare na wannan araha dai ba daga kayan ya fito ba, daga aljihun masu zuba jari ya fito, waɗanda suka yarda a sayar da asara domin a tara abokan ciniki. Konga ta koma hannun kamfanin Zinox a 2018. Ita kuwa Jumia, wadda ta shiga kasuwar hannun jari ta New York a watan Afrilun 2019, ta yi shekaru tana bayyana asara a rahotanninta, har ta rufe sashenta na kai abinci a Disambar 2023. Kamfanin da ya juya ga neman riba kuwa ba zai ci gaba da biya wa mai saye kuɗin mota ba.

Babban abin da ya girgiza lissafin shi ne man fetur. Bayan da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haye 1,000 a ƙarshen 2024. Kowane ƙunshi da aka yi oda sai ya hau babbar mota, sannan babur, kafin ya isa hannun mai shi. Saboda haka ragin naira dubu biyu a kan tukunyar gas ko fanka yakan narke cikin kuɗin aike, musamman ga wanda ke zaune nesa da Legas. Haka kuma faɗuwar naira, daga kimanin 460 a kan dala ɗaya a farashin hukuma zuwa fiye da 1,500 a 2024, ta shafi kowa, amma ta bar wa mai kantin da ya sari kaya tun da wuri damar sayarwa a tsohon farashi idan yana buƙatar kuɗi a hannu.

Akwai kuma abubuwan da ba sa fitowa a allon waya. Wanda ya shiga Computer Village a Ikeja ko Farm Centre a Kano zai kunna wayar, ya gwada ta, ya yi tayi, a ce albarka, ya ƙara, a sallama. In ta ba da matsala gobe, ya san rumfar, ya kuma san shugabannin kasuwar da zai kai wa ƙara. Mai kantin unguwa yana ba da bashi zuwa ƙarshen wata, abin da magidanci mai albashi ya fi ɗauka da muhimmanci fiye da ragin kashi biyar cikin ɗari. Batun tumatir da albasar Mile 12 kuwa ba ya ma buƙatar dogon bayani.

Wannan ba ya nufin intanet ta rasa amfani. Ga kayan da aka san sunansu da lambarsu, marasa nauyi, waɗanda ba a samunsu a ƙananan garuruwa, oda ta fi tafiya sauƙi, tun ba in an karɓa a wurin ajiyar kamfani maimakon gida ba. Shigowar Temu a ƙarshen 2024 ta kawo ƙananan kayan Sin a farashin da ke da wuyar karawa da shi, sai dai jiran yakan yi tsawo, mayar da kaya kuma ba wasa ba ne. Dokar 2018 da ta kafa hukumar kare masu saye ta FCCPC ta ba da ikon mayar da kaya masu aibi, amma doka ba ta da hanyar kamo wanda shagonsa bai wuce hoto da lambar asusu a Instagram ba.

Ga ɗan kasuwa, canjin da ya fi shafarsa shi ne mai saye yanzu yakan shigo rumfa da farashin wurare uku a wayarsa, ribar da a da ake samu daga rashin saninsa ta ragu ke nan. Amma ita wannan waya ta buɗe wa mai rumfa tasa ƙofar. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, tura kuɗi ta Moniepoint ko OPay ya zama ruwan dare. Mai atamfa a Kantin Kwari yakan aika hoto ta WhatsApp ga abokin cinikinsa na Sabo a Ibadan ko Agege, a daidaita, kuɗi su shigo, ya ba direba kaya a tasha da yamma, ba tare da wani kamfani ya yanki kamasho a tsakani ba.