Bitar Aikin Ɗalibin Digiri na Uku a Ƙarshen Kowace Shekara

A jami'o'in da ke bin tsarin Faransa, ɗalibin digiri na uku yakan sabunta rajistarsa kowace shekara. A 2012 jami'o'in Kwaddibuwa suka shiga tsarin LMD, wanda ya ware wa wannan digiri shekara 3. A can Faransa, dokar 2016 ta tanadar wa kowane ɗalibi kwamitin bin diddigin aikinsa, gyaran 2022 kuma ya wajabta zaman kwamitin kafin kowace sabuwar rajista. Malamin da ke duba ɗalibin ba ya cikin kwamitin, kuma akan saurari ɗalibin a bayan idon malamin, don in akwai tsama tsakaninsu ta fito fili.

To, me ya kamata a duba? Mu ɗauka ga ɗalibi a Jami'ar Félix Houphouët-Boigny ta Abijan yana nazarin Hausar 'yan kasuwar Adjamé da Treichville, inda ake sirka ta da Julanci da Faransanci. A ganina yawan hirar da ya naɗa bai isa shaida ba. Naɗar murya ba wuya. Rubuta ta, tare da nuna karin sauti da tsawon wasali, shi ke cinye watanni. Sai kwamiti ya ce ya kawo shafukan da ya rubuta, a kunna muryar a gwada. In shekara ta biyu ta ƙare yana da tarin murya ba rubutu, a rage masa fagen bincike, ya tsaya kan kasuwa ɗaya.