Tofi, Ɗora Hannu da Hayyaci: Me Ke Warkar da Mara Lafiya a Bakin Kainji?

Tabarmar mai sayar da littattafai a kasuwar Yauri ko ta Wara ba ta rasa 'yan ƙananan littattafan addu'o'i, da na fassarar mafarki, da na karya sammu da maganin shafar aljanu. Wannan tsohon ciniki ne. Sabon abin shi ne wanda wayar hannu ta kawo: bidiyo da littattafan intanet masu cewa jikin ɗan Adam yana da wani ɓoyayyen “makamashi” da ke gudana a cikinsa, wai kowane ciwo toshewar wannan makamashi ne, kuma wanda ya samu horo zai iya ɗora hannu ya buɗe hanyar. Abin mamaki, saurayin da zai yi wa kakarsa dariya idan ta ambaci iskoki, shi ne yake tura irin wannan bidiyo a WhatsApp, don kawai an yafa wa maganar rigar kimiyya.

Mafi shahara a cikin waɗannan hanyoyi ita ce Reiki, wadda wani mutumin Japan mai suna Mikao Usui ya fara koyarwa a 1922. A Amurka kuma, wata farfesar aikin jinya, Dolores Krieger, ta yaɗa wata mai kama da ita a shekarun 1970, inda mai magani ke shawagi da tafin hannunsa a saman jikin mara lafiya ba tare da ya taɓa shi ba.

Mutumin ƙasar Yauri ba baƙo ba ne ga maganin da ba a haɗiya. Gungawa da Kambari da Sarkawa masunta sun daɗe da nasu masu magani. Bori ya san bakin ruwa, ai har a cikin iskokinsa akwai Sarkin Rafi. Wanda iska ta taɓa akan yi masa girka, kwana da kwanaki ana kiɗan garaya ko goge, ana turare, dangi na kewaye da shi. Wani masanin al'adu Ba'amurke, Frank Salamone, ya zauna a Yauri a farkon shekarun 1970, 'yan shekaru bayan dam ɗin Kainji ya tashi mutane kusan 44,000 daga garuruwansu da tsibiransu a 1968, kuma ya yi rubutu a kan wani boka Bagunge da ya haɗa magani da wasa da raha. Ta ɓangaren malamai kuwa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa littattafai a kan magani, Nana Asma'u ma ta rubuta a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani. Tofi da rubutun sha sun biyo wannan hanya, sannan daga shekarun 1990 ruƙiyya ta bazu a biranen Arewa har ta iso ƙauyuka.

Sai dai akwai bambanci da masu tura bidiyon ba sa lura da shi. Malamin da ke tofi, idan na kirki ne, ba ya cewa wani abu na fita daga tafinsa. Roƙo yake yi, sakamako ya bar wa Allah, kuma babu na'urar da ke auna karɓuwar addu'a. Mai sayar da “makamashi” shi ya ce abin nasa na zahiri ne, yana gudana, ana jin sa a hannu. To, wanda ya faɗi haka ya miƙa kansa ga gwaji. An kuwa gwada.

A birnin Faris na Faransa, wani likita Franz Mesmer ya cika gari da labarin wani ruwa marar ganuwa da yake sarrafawa a jikin mutane. Mata da maza suna suma, suna farfaɗowa suna cewa sun warke. A 1784 Sarki Louis na 16 ya kafa kwamiti, a cikinsa akwai Benjamin Franklin da masanin sinadarai Lavoisier. Dabararsu mai sauƙi ce: rufe ido. Almajirin Mesmer ya “zuba” ƙarfinsa a jikin wata bishiya a lambu, aka ɗaure wa wani yaro ido, aka riƙa kai shi gaban bishiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Yaron ya faɗi sumamme a gindin bishiyar da ba a taɓa ba. Kwamitin ya yanke cewa sumar gaskiya ce, amma daga tunanin yaron ta fito.

Shekara fiye da 200 bayan haka, wata yarinya 'yar shekara 9 a jihar Kolorado ta Amurka, Emily Rosa, ta maimaita irin wannan gwaji da kwali. Mai magani zai zura hannayensa biyu ta ƙasan kwalin yadda ba ya ganin ta, ita kuma ta jefa kwabo, ta ɗora nata hannun a saman hagunsa ko damansa. Aikinsa kawai ya faɗi wane hannu ne yake jin “makamashinta”. Masu magani 21 suka shiga, aka gwada sau 280, suka dace a kashi 44 cikin 100. Mai cinta da ka kawai zai samu kusan kashi 50. Mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga sakamakon a 1998, yarinyar tana da shekara 11.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai mu ce duk yaudara ce, mu tashi. Amma matar da aka yi wa tofi ta ce kanta ya daina sara ba ƙarya take yi ba, kuma nan ne kimiyya ta gano abu mai daɗin sani. A 1978 wasu masu bincike a San Faransisko, Levine da Gordon da Fields, suka bai wa mutanen da aka cire wa haƙori allurar da babu magani a cikinta, suna tsammanin mai kashe zafi ce. Da yawa suka ji sauƙi. Sai aka ba su naloxone, maganin da ke toshe aikin sinadarai dangin ofiyom, sauƙin nan ya ragu. Ma'ana, sa rai da waraka ya sa ƙwaƙwalwa ta saki nata maganin zafi. Ka haɗa wannan da abin da mara lafiya ke samu wurin malam ko boka: an zaunar da shi, an saurare shi ba gaggawa, an ba ciwonsa suna, an ce da shi akwai mafita, 'yan uwa sun taru a kansa. A asibitin da likita ɗaya ke duba dogon layi, sau da yawa ba ya samun ko ɗaya daga ciki. Ni a ganina wannan, ba jahilci ba, shi ne babban dalilin da ya sa ƙofar malam ba ta rabuwa da takalma.

Amma sauƙin yana da iyaka, kuma an auna ta. A wani bincike da aka buga a 2011 a kan masu ciwon asma, an gwada maganin shaƙa na gaske, da na bogi, da soke-soken allura na bogi, da kuma zama ba a yi komai ba. Da aka tambayi marasa lafiya, waɗanda suka samu na gaske suka ce sun ji sauƙin kashi 50, masu na bogi kashi 45 da 46: kusan ɗaya. Da aka sa su hura na'urar auna numfashi, na gaske ya buɗe huhu da kashi 20, sauran duka kashi 7 kacal. Mutum yana jin ya samu lafiya, huhunsa kuwa yana nan a matse.

Masu littattafan makamashi, idan an matsa musu da irin wannan, sai su tsallaka zuwa maganar hayyaci: ai kimiyya ba ta san mene ne ke sa mutum ya san yana raye ba. Nan kam sun faɗi rabin gaskiya. An san abubuwa da dama. An san ƙwaƙwalwa na da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86 masu aika wa juna saƙo da lantarki da sinadarai, kuma tun shekarun 1920 wani likita, Hans Berger, ya fara ɗaukar wannan lantarki daga fatar kai. An san allurar barci na ɗauke hayyaci a ɗakin tiyata, ya dawo idan ta sake. Ko dannau, wanda kusan kowane gida akwai mai labarinsa, an san yadda yake aukuwa: a lokacin mafarki ƙwaƙwalwa kan kulle gaɓoɓi don kada mai barci ya tashi ya aikata abin da yake gani, wani lokaci sai mutum ya farka kullen bai saki ba, ya ji nauyi a ƙirji, ya ga inuwa a ɗaki. A 2006 wani mai bincike a Kambirij, Adrian Owen, ya umarci wata mata da aka ɗauka ba ta san inda take ba da ta raya a ranta tana buga ƙwallon tanis, na'urar hoton ƙwaƙwalwa ta nuna ta ji, ta kuma bi umarnin.

Abin da ya gagara shi ne dalilin da ya sa wannan lantarki ke zama ɗanɗanon zuma a harshe ko raɗaɗin rashin uwa. A 1998 masanin ƙwaƙwalwa Christof Koch ya yi fare da masanin falsafa David Chalmers cewa cikin shekara 25 za a gano inda hayyaci yake a ƙwaƙwalwa. A 2023 ya amsa an kayar da shi. Musulmi ba zai yi mamaki ba, don aya ta 85 a Suratul Isra'i ta riga ta sanar da shi ƙarancin abin da aka ba ɗan Adam na sanin ruhi. Sai dai rashin amsa ba hujja ba ce ga mai talla. Wanda ya ce masana ba su san ruhi ba, sannan ya ce shi zai daidaita maka shi idan ka biya kuɗin kwas, ya yi iƙirarin da malamai da likitoci duka suka ƙi yi.

A bakin tafki wannan muhawara ba ta shan shayi ba ce. Ɗauki farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kimanin miliyan 50 ke fama da ita, kuma kusan kashi 70 cikin 100 za su daina faɗuwa idan suka samu magani daidai, ƙwayoyi masu araha irin su phenobarbital. Lantarkin ƙwaƙwalwa ne ke rikicewa na ɗan lokaci. Yawun mai farfaɗiya ba ya harbin kowa, cusa masa cokali a baki kuma cutarwa ce, kwantar da shi a gefe guda ake yi. Manomi ya faɗi a gona zai iya tashi da ƙujewa. Masunci ya faɗi a kwale-kwale a tsakiyar ruwa fa? Haka yaron da zazzaɓin cizon sauro ya hau masa kai yana taune-taune: awannin da aka ɓata ana hayaƙi su ne awannin da allura za ta cece shi. Tsargiya ma, wadda ta zama ruwan dare ga yaran da ke wanka a tafki, tsutsa ce a jijiyoyin mafitsara, praziquantel ke kashe ta.

Akwai kuma ciwon da ba a gani. A watan Mayu na 2021 jirgin ruwa ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse a hanyarsa ta zuwa Wara, kaɗan suka tsira. Bayan mako uku, ranar 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, wasu 'yan matan sai a 2023 suka dawo gida. Wanda ya fito daga irin wannan, ko ya binne nasa, yakan yi fama da firgita cikin barci, da faɗuwar gaba, da ƙin kusantar wurin da abin ya faru. Asibitin masu taɓin hankali na tarayya da ke Kware yana can jihar Sakkwato, tafiyar sa'o'i. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Kafin a yi maganar Kware an riga an je wurin malam, kuma babu dokar da za ta sauya haka.

Najeriya ta taɓa gwada wata hanya. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da masu taɓin hankali a gidajen mutanen ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, kowa da ɗan uwansa mai jinya, ya kuma yi aiki tare da masu maganin gargajiya. A 2020 Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin da suka yi a Ibadan da Kumasi a kan marasa lafiya fiye da 300. Ba su rufe gidan kowane mai magani ba. Ma'aikacin ƙaramin asibiti ne ke zuwa gidan mai maganin a kai a kai, ya duba mara lafiya, ya ba da ƙwaya, mai gida ya ci gaba da addu'arsa. Bayan wata 6, waɗanda aka yi wa haɗin gwiwar sun fi samun sauƙi, ɗaure mutane da mari kuma ya ragu ƙwarai a gidajen da binciken ya shiga. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba mara lafiya haƙƙin kada a wulaƙanta shi. Abin da irin wannan tsari zai buƙata a ƙananan hukumomin Ngaski da Shanga shi ne ma'aikacin lafiya da aka koya wa gane farfaɗiya da taɓin hankali, da ƙwayoyin da ba sa yankewa a shagon asibiti, da babur da mai, da jirgi don ƙauyukan tsallake.