Kogin da ya kauce da iyakar Amurka da Meziko

Yarjejeniyar 1848 ta ce tsakiyar kogin Rio Grande ne iyakar Amurka da Meziko, amma ba wanda ya nemi shawarar kogin. Ya yi ta cin gaɓarsa ta kudu, har ambaliyar 1864 ta sauya masa hanya. Aka wayi gari filin Chamizal na Meziko, kimanin eka 600, ya koma ɓangaren birnin El Paso na Amurka.

Amurkawa suka yi gidaje a kai. Masu sulhu sun raba filin a 1911, Amurka ta ƙi. Sai a 1963 ta yarda ta mayar da mafi yawansa. Aka tashi mutum kimanin 5,000 daga gidajensu, aka kuma killace kogin cikin magudanar kankare mai tsawon kilomita 7.