Frans Masereel: Mai Zanen da Ya Wallafa Littattafai Ba Kalma Ko Ɗaya

An haifi Frans Masereel a shekarar 1889 a Blankenberge, wani gari na bakin teku a yankin Flanders na ƙasar Beljiyam. Ya koyi zane a birnin Ghent, daga nan ya koma Faris da zama.

Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914, sai ya ƙi ɗaukar bindiga. Ya tafi Geneva ta ƙasar Siwizalan, ya yi wa ƙungiyar agaji ta Red Cross aikin fassara, kuma daga 1917 ya shiga yi wa jaridar La Feuille zane kusan kullum, yana nuna wa jama'a ɓarnar yaƙi. Wannan ƙin shiga soja ya jawo masa tsada, domin ya yi shekaru ba shi da ikon komawa ƙasarsu.

Manyan kayan aikinsa kuwa su ne allon katako da wuƙar sassaƙa. Yakan fafe allon, a shafa masa tawada, a danna a kan takarda. Inda ya fafe ya fito fari, inda ya bari ya fito baƙi. Babu wani launi na uku, kuma abin da wuƙa ta cire ba ya dawowa.

Da irin wannan zane ne ya fitar da Mon Livre d'Heures a 1919, mai hotuna fiye da 160, sa'an nan La Ville a 1925, mai hotuna 100 na rayuwar babban birni, da attajiransa da leburorinsa. Hotunan ne kaɗai ke ba da labari, saboda haka Bajamushe da Bafaranshe, da ma wanda bai taɓa shiga aji ba, kowa yana iya bi ba tare da tafinta ba. Littattafan sun yi farin jini a Jamus, har mashahurin marubucin nan Thomas Mann ya rubuta wa ɗaya gabatarwa. Amma da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933, sai suka haramta ayyukansa.

Masereel ya rasu a Avignon ta Faransa ran 3 ga Janairu, 1972, aka binne shi a Ghent. A shekarar ce aka buɗe wata cibiyar masu zane mai ɗauke da sunansa a Kasterlee, cikin ƙasar da a dā ta rufe masa ƙofa.